Kemistiri ba ya tsayawa don an kaɗa ƙararrawar tashi

A zangon karatun da ya wuce, a taron iyaye da malamai na makarantar sakandaren da nake koyarwa a nan birnin Kano, wani matashin malami da ke yi wa ƙasa hidima a wajenmu ya roƙi a ba shi minti biyar. Ya fito da wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana girma ba, wadda aka jona mata doguwar igiyar lantarki mai ɗan ƙarfe a baki. Ya tsoma ƙarfen a kofin ruwan zafi, sannan ya ɗaga wayarsa ta hannu ya nuna wa jama'a wani layi da ke saukowa sannu a hankali yayin da ruwan ke hucewa. Ya ce idan kwamiti ya amince da ɗan abin da ba shi da yawa, zai haɗa irinta guda biyar tare da 'yan aji biyar kafin wa'adin hidimarsa ya cika.

Wani dattijo daga cikin iyaye ya miƙe ya ce: "Malam, Allah ya saka maka da alheri. Amma ɗakin gwajin da famfonsa ba ya kawo ruwa, shi ne za mu haɗa da intanet?" Aka yi dariya, shugaban taro ya wuce zuwa batun gyaran banɗaki, maganar ta mutu a nan.

Na kwana da abin a raina. Dattijon bai faɗi ƙarya ba, famfon ba ya kawo ruwa, kuma ni ne nake aiken yara da bokiti duk ranar da za mu yi gwaji. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka yi watsi da shawarar ba tare da wani ya tambayi matashin amfanin na'urar ba, har da ni da na fi kowa sanin ciwon da take iya magancewa.

Ra'ayina shi ne: ya kamata makarantun sakandare da kwalejojin ilimi na Kano su fara amfani da waɗannan ƙananan ma'aunai masu araha da ke aika sakamako ta intanet, amma a wuri ɗaya tak da suka fi kowane malami iyawa, wato gadin gwajin da ke ɗaukar awanni ko kwanaki. Duk wanda ya zo da su da sunan maye gurbin ɗakin gwaji da hannun ɗalibi, to ina cikin waɗanda za su fara ce masa a'a.

Abin da ake magana a kai

Na'urar da matashin ya nuna mana ita ce ESP32, wadda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a shekarar 2016. Ƙaramar kwamfuta ce da ke iya kama intanet da kanta, kuma farashinta daloli kaɗan ne. Ana rubuta mata umarni da manhajar Arduino, wadda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 domin ɗalibai da ba injiniyoyi ba. Ɗan ƙarfen nan da ya tsoma a ruwa shi ne abin da masu harkar ke kira sensa, irin wanda ake ce wa DS18B20, yana auna zafi daga digiri 55 ƙasa da sifili har zuwa digiri 125. Akwai sensa ta auna tsami, ta auna laimar iska, ta auna yawan gishirin da ya narke a ruwa da ta auna gurɓacewarsa. Na'urar tana karanta awon a duk lokacin da aka tsara mata, ta aika shi zuwa wani shafi kamar ThingSpeak, shafin kuma ya zana giraf da malami ko ɗalibi zai iya dubawa daga ko'ina.

Minti tamanin

Darasi ɗaya a makarantunmu minti 40 ne. Idan an yi wa malamin kimiyya adalci a jadawali, sai a haɗa masa biyu ya samu minti 80 sau ɗaya a mako. A cikin wannan lokaci zai kira suna, ya raba kaya, ya yi bayani, yara su yi aiki, a wanke kwalabe. Saboda haka duk gwajin da muke yi sai mai saurin ƙarewa: a zuba wannan a kan wancan, launi ya canza, a rubuta. Ɗalibi yana gama sakandare da tunanin cewa kemistiri abu ne da ke faruwa cikin ƙiftawar ido a cikin kwalbar gilashi.

Alhali mafi yawan kemistirin da ke kewaye da yaron Kano a hankali yake tafiya. Ɗauki kindirmo. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, madarar da aka tatso tana wajen 6.6, wato kusan ba ta da tsami. Idan aka dafa ta, ta huce, aka zuba mata ɗan tsohon kindirmo aka rufe, ƙwayoyin halitta sukan riƙa mayar da sukarin madarar zuwa asid, har pH ya sauko wajen 4.6, inda furotin ɗin madarar ke kamewa ta yi kauri. Wannan yana cikin abin da muke karantarwa da baki. Abin da ba mu taɓa iya nunawa ba shi ne siffar saukowar. Ba a miƙe take ba. Da farko layin kusan a kwance yake kamar ba abin da ke faruwa, sai ya gangaro da sauri na wasu awanni, sannan ya sake lafawa idan tsamin ya yi wa ƙwayoyin kansu yawa. Duk wannan yana faruwa ne tsakanin la'asar da asuba, lokacin da ɗakin gwaji ke kulle, maigadi kaɗai ke makarantar.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ɗalibar da ta zo da safe ta ga giraf ɗin abin da ya faru a cikin ƙwaryar da ita da kanta ta haɗa jiya, kuma ta kwatanta shi da na ƙwarya ta biyu da aka ajiye a wuri mai sanyi, ta ga dalilin tsamin da idonta. Ba sai na sa ta haddace cewa zafi yana ƙara saurin haɗuwar sinadarai ba. Za ta ma fahimci abin da ya sa mai sayar da nono ke lulluɓe ƙwaryarta da daddare a lokacin hunturu.

Misali na biyu ya fi taɓa ni, domin a bayan gidanmu yake. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, babban ɗakin gwaji ne da muke wucewa ta gabansa kullum. Marini yana haɗa baba da toka da ruwa a rami mai zurfi, ya bar su na makonni yana juyawa da doguwar sanda. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai ruwan ya yi kanwa-kanwa sosai, kuma ƙwayoyin halitta sun cinye iskar oksijin da ke cikinsa, sannan shunin ya juye zuwa wata siffa da ke narkewa ta shiga zaren yadi. Shi ya sa yadi ke fitowa daga rami da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Wannan shi ne babin ƙaruwa da raguwar oksijin da yara ke tsoro a littafi. Marini yana gane ramin ya nuna ta kumfa da wari da launi, ilimin da ya gada daga iyaye. Idan ɗalibai suka haɗa ƙaramin ramin shuni a bokitin roba, suka bi zafinsa da pH ɗinsa har mako uku, sannan suka kai sakamakon wajen marini suka tambaye shi ranar da shi zai ce ya nuna, an haɗa ilimi biyu da suka daɗe ba sa gaisawa. Babu malamin da zai iya tsayawa kan bokiti mako uku dare da rana. Na'ura tana iyawa.

Haka nan randa. Kowa ya san ruwan randa ya fi sanyi a watan Maris fiye da watan Agusta, amma yaro nawa ne zai iya bayyana dalili? Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana ƙafewa ya tafi da zafi, kuma yana ƙafewa da sauri ne idan iska ta bushe. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Sensa biyu, ɗaya a cikin randa ɗaya a waje, da ta uku mai auna laimar iska, sun isa su mayar da wannan labari darasin da yaro zai auna da kansa.

A jarrabawar zango da na yi wa 'yan aji huɗu, na ce su zana yadda narkakken naftalin ke hucewa. Kusan dukkansu sun zana daidai, layin ya kwanta a digiri 80 kafin ya ci gaba da sauka. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ganin hakan ta faru. Sun kwafi zanen littafi, na ba su maki, kuma na san ban koyar da su komai ba.

"A fara kawo ruwa da sinadarai"

Wannan ita ce hujjar dattijon, kuma ita ce mafi ƙarfi. Ina tare da shi cewa babu na'urar da za ta wanke kwalba. Amma akwai abu biyu da ya kamata a lura da su.

Na farko, ba aljihu ɗaya kuɗin ke fitowa ba. Haƙa rijiyar burtsatse da sa tanki da gyara bututu aikin miliyoyi ne, wanda ya fi ƙarfin kwamitin iyaye, shi ya sa shekara da shekaru muna jira. Na'ura ɗaya da sensa ta zafi da batir ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba. Ƙin yin ƙaramin ba ya kusanto da babban ko da taku ɗaya. Da ƙin sayen sensa yana kawo ruwa a famfo, da ni ne zan fara ƙi.

Na biyu, talaucin ɗakin gwajinmu ne ma ya sa muka fi bukatar ma'auni mai kyau. Sinadaran kwalba daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya wuce inda makaranta irin tamu za ta kai. Amma kasuwar Kurmi da ta Rimi cike suke da sinadarai: kanwa, tsamiya, lemon tsami, alif, toka, gishiri, bagaruwar da majema ke jima da ita. Ruwan zoɓo kansa yana nuna tsami, ja ne a cikin asid, ya juya duhu mai kore-kore idan aka sa masa kanwa. Abin da ke raba wasa da zoɓo da kimiyya shi ne awo. Idan akwai abin da zai ba da lamba, to kayan kicin sun zama kayan gwaji.

Wuta da data

Ba zan daɗe a nan ba, domin matsalar ta fi ƙanƙanta fiye da yadda ake zato. Na'urar tana aiki da irin batirin cajin waya da ke aljihun kowane matashi, kuma ana iya tsara ta ta yi barci tsakanin awo da awo don kada ta cinye caji. Idan tana aika awo sau ɗaya a minti, awo 1,440 ke nan a yini, lambobi zalla, waɗanda nauyinsu bai kai na gajeren bidiyo ɗaya da ake turawa a WhatsApp ba. Tsohuwar waya mai layi da aka bari a aljihun tebur za ta iya ba ta intanet. Inda sabis ke yankewa, sai a ƙara mata ƙaramin katin ajiya ta riƙa rubutawa a ciki, kada awon dare ya salwanta.

Matsalar da ta fi wannan ita ce yawancin ɗalibanmu ba su da babbar waya, kuma makarantu da yawa sun hana zuwa da ita, bisa dalilai da nake girmamawa. Amsar ita ce wayar malami ta isa. Ya buga giraf ɗin a takarda, ko ya karanto lambobin yara su zana da hannunsu a takardar giraf, wanda ni na fi so ma, domin zanen yana cikin abin da ake koya.

"WAEC ba ta tambayar wannan"

Gaskiya ne. A jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO, ɗalibi zai tsaya gaban buret, wato dogon bututun gilashi mai awo da ke sakin ruwa ɗigo-ɗigo, ya ja ruwa da siririn bututun awo da ake kira fifet, ya ɗiga sinadarin methyl orange mai canza launi, ya riƙa sakin asid ɗigo-ɗigo har launi ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo. Wannan ƙwarewar hannu ce da ido, kuma ba a samunta sai da maimaitawa. Yaron da bai taɓa riƙe buret ba sai ranar jarrabawa, hannunsa zai yi rawa, ya wuce gona da iri, ya ɓata awon. Na ga wannan sau ba adadi. Ba na son a ɗauki ko minti ɗaya daga lokacin wannan horo a ba wa na'ura, kuma ba a bukatar haka, tunda aikinta bayan an tashi yake farawa.

A nan ne tsorona yake, kuma ina so masu tsara ilimi su ji shi da kyau. Da zarar an ce "gwaji daga nesa", akwai wanda zai hango hanyar rage kashe kuɗi: a gina ɗakin gwaji ɗaya mai kyau a cikin birni, a sa kyamara da sensa, makarantu hamsin na karkara su riƙa kallo ta allo, a rubuta a rahoto cewa kowace ta yi firatikal. Wannan zalunci ne ga yaran karkara. Mun ɗanɗani irinsa a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu tun daga watan Maris, aka koma darasi ta rediyo da talabijin. An yi ƙoƙari, kuma ya fi babu. Amma ɗaliban da suka dawo mana bayan watannin nan sun san sunan abubuwa ba su san abubuwan ba. Ba a jin ɗumin kwalba ta allo idan asid ya haɗu da soda. Ba a koyon kawar da hanci daga bakin kwalbar amoniya ta waya.

Sharaɗina shi ne wanda zai duba sakamakon daga nesa ya zama shi ne ya haɗa gwajin da hannunsa. Shi ya auna madarar, shi ya wanke sensar, shi ya rufe ƙwaryar. Intanet ɗin tana tsawaita ganinsa ne a kan aikin da yake nasa.

Araha ba ta ado

Wani abokin aikina, malamin fiziks, ya kawo hujjar da ta fi sa ni tunani. Ya ce: "Malam, kayan nan masu araha suna ƙarya, kuma yaranmu sun yarda da duk lambar da suka gani a waya kamar wahayi." Yana da gaskiya a duka biyun.

Sensa ta zafi ba ta da matsala sosai. Masu ƙera DS18B20 sun bayyana cewa kuskurenta bai wuce rabin digiri ba tsakanin digiri 10 ƙasa da sifili da digiri 85, wanda ya ishi duk gwajin sakandare. Ta pH ce mai rigima. Bakinta siririn gilashi ne da dole ya zauna a jiƙe cikin ruwan gishiri na musamman, kuma idan aka manta da shi a buɗe lokacin hunturun Kano ya bushe, sai ya fara ba da lambar banza. Ko an kula da shi, yana kaucewa a hankali, sai an riƙa saita shi da ruwan da aka san pH ɗinsa, wanda ake haɗawa da garin da ke zuwa a 'yan ƙullin leda masu lamba 4.01 da 6.86 da 9.18. Bayan shekara ɗaya ko biyu yakan gaji a sayi sabo. Kuma da yake kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH yana nufin ninki goma na tsami, kuskuren da ya yi kama da ƙarami ba ƙarami ba ne.

Amma da na ƙara tunani, sai na ga cewa wannan aibin shi ne darasin da muka fi kasa koyarwa. Ɗalibanmu sun saba da cewa kowace tambaya tana da amsa ɗaya da ke bayan littafi. Idan awonsu bai zo daidai da na allo ba, sai su goge su rubuta na allo, kuma wannan ɗabi'a tana bin su har jami'a. A ajiye sensa biyar a bokiti ɗaya na ruwa, su ba da lambobi biyar mabambanta kaɗan, a tambayi aji wacce ce gaskiya. A sa su tsoma su a ruwan ƙanƙara da ke narkewa, wanda ya kamata ya nuna sifili, su ga wadda ta kauce da yadda ta kauce. Yaron da ya taɓa kama na'ura tana ƙarya ba zai sake sallama wa lamba don kawai ta fito a allo ba. Kuma tunda kowane awo yana shiga da ranarsa da lokacinsa, gogewa a rubuta na littafi ta zama da wuya.

Sai dai akwai iyakoki da ba na wasa da su. Ba a barin wuta tana ci, ko asid mai ƙarfi, ko abin da ke fitar da iska mai guba, a kulle ɗaki a tafi gida da sunan ana kallo ta waya, domin waya ba ta kashe gobara. Sensa masu araha na shaƙar iskar gas ba abin dogaro ba ne wajen tsare rai. Haka kuma ba a ce wa jama'a ruwan rijiya ya halatta a sha don sensa ta nuna ba shi da gishiri da yawa. Ba ta ganin ƙwayar cutar kwalara, kuma ba ta bambance sinadarin kromiyom da masana'antun fata ke amfani da shi daga gishirin da ba ya cutarwa. Ɗalibai za su iya bin yadda ruwan Jakara ko na Challawa ke canzawa tsakanin rani da damina, su kawo tambaya mai ma'ana, amma hukunci na manyan ɗakunan gwaji ne.

Me ya sa sai da intanet?

Wani zai ce katin ajiya ya wadatar, a zo da safe a zare a karanta. Sau da yawa haka ne, kuma makarantar da ba ta da hali ta fara da hakan. Amma intanet tana ƙara abu biyu. Idan sensa ta zame daga ƙwarya ranar Juma'a da yamma, malami zai gani a wayarsa ya kira maigadi ko ya leƙo da kansa, maimakon ya zo ranar Litinin ya tarar da kwana uku sun tafi a banza.

Ɗaya amfanin ya fi wannan girma. 'Yan mata a Gwale, da samari a Dawakin Tofa, da wani aji a Wudil za su iya haɗa gwaji iri ɗaya a rana ɗaya, kowa yana ganin layin ɗan'uwansa, su yi musu a kan dalilin da ya sa na wannan ya riga na wancan saukowa. Kuma ga 'yan mata musamman, waɗanda iyaye ba za su bari su koma makaranta da yamma don duba gwaji ba, wannan ita ce hanyar da za su yi aikin bincike mai tsawo daidai da 'yan makarantar kwana.

Wa zai haɗa su

Idan aka mayar da wannan kwangila, ya mutu tun kafin ya fara. Na san yadda abin ke kasancewa: a kawo kwalaye masu ƙyalli, a ɗauki hoto, a kulle su a ofishin shugaban makaranta don kada a ce sun ɓata a hannunsa, bayan shekara biyu a buɗe a tarar gilashin ya bushe, babu wanda ya san kalmar sirrin shafin. Darajar waɗannan na'urori tana cikin cewa a buɗe suke, ɗalibi zai iya jona su, ya ɓata, ya gyara, kuma idan ɗaya ta ƙone asarar ba ta sa a kori kowa daga aiki.

Kano ba ta rasa hannun da zai yi aikin ba. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya ga samari suna liƙa ƙananan sassa da dalma a kan abin da ya fi ESP32 ƙanƙanta da wuya. Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil suna yaye ɗaliban injiniya da kwamfuta da ke haɗa irin waɗannan abubuwa a aikinsu na shekarar ƙarshe, su kare shi a gaban malamai, a ajiye a kabad. Me zai hana sashen ilimi ya ba su jerin gwaje-gwajen manhajar sakandare su yi aikin a kai, a miƙa wa makaranta idan sun gama?

Inda ya fi dacewa a fara shi ne wajen horar da malamai, kamar kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso. Malamin kemistirin da ya haɗa na'ura ɗaya da hannunsa kafin ya karɓi takardar shaida zai iya haɗa goma a duk ƙauyen da aka tura shi. Jihar nan ce ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, lokacin da mutane da yawa ke ganin yaran Arewa ba za su iya kimiyya ba, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatunmu. A watan Yunin 2024 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Rufin aji da kujeru da ruwa su ne kan gaba, ba na jayayya. Abin da nake nema shi ne a cikin kasafin horar da malaman kimiyya a ware mako ɗaya na hutu a koya musu wannan, kowa ya koma da na'urar da ya haɗa, da ƙullin garin saita pH na shekara guda.

A makarantarmu dai, mu malaman kimiyya huɗu mun yi karo-karo mun sayi na'ura biyu da sensa uku ta zafi da ɗaya ta laimar iska. Ta pH sai zango mai zuwa, idan Allah ya hore. Matashin malamin saura masa 'yan watanni ya gama hidima ya koma garinsu, don haka duk ranar Laraba bayan an tashi nakan zauna gabansa da littafi yana koya mini rubuta umarnin, ni da wasu ɗalibai shida 'yan aji biyar. Na je gidan dattijon da ya yi maganar famfo na roƙe shi aron randa, ya ba mu guda biyu, ya ce a kira shi ranar da za a nuna sakamakon. Za mu fara awon a watan Maris, mu maimaita shi a Agusta.